KOWANE TSUNTSU KUKAN GIDANSU YAKE YI: WACE CE "HAUSAR REDIYO"?

 

Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga minti 30 na shiri ba zai ishe ta ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta a nan, kowa ya karanta a natse.

Abu biyu suka same ni cikin wata guda. Na farko, saƙo ne daga wani matashi ɗan yankinmu da ya yi karatu a Najeriya. Cikin ladabi ya rubuto, ya ce: "Yaya, muna jin daɗin shirinka, amma don Allah ka gyara Hausarka. Ba a cewa lahiya, lafiya ake cewa. Ba a cewa an kai mutum likita, asibiti ake kai shi, likita ai mutum ne. Ka riƙa sauraren manyan gidajen rediyo ka ji yadda suke yi." Gaskiya ban ji haushi ba, kunya na ji. Daga ranar na shiga tauna harshe a gaban makirfo, ina auna kowace kalma kamar mai sayar da zinari.

Na biyu, sanarwa ce aka aiko mana da Faransanci, wai za a sayar da irin wake mai saurin nuna a kan rahusa, ƙulli sefa 500. Ni kuma da sabon bakina na aro, sai na karanta "ɗari biyar", kamar yadda nake ji a manyan tashoshi. Ranar kasuwa wata dattijuwa ta tare ni, ta ce: "Ɗan nan, kai ne mai magana cikin rediyo? To wane irin wake ne wannan, ƙulli guda jika biyu da rabi? Ko na gwal ne?" Na ce: "Inna, ai ɗari ne." Ta riƙe baki ta ce: "To me ya hana ka ce ɗari? Mu huɗu muka so zuwa, muka fasa."

Kun dai san lissafinmu. Da dala muke ƙirga, sefa 5 ita ce dala guda. Sefa 500 ita ce ɗari, sefa 1000 ita ce jika. Wanda ya ce ɗari biyar, a kunnen Inna ya ce sefa 2500 ke nan. Wasu kuma da suka saba da kasuwannin ƙetare suka ɗauka naira nake nufi. Magana guda, fahimta uku, kuma ba a samu wadda nake nufi ba a ciki. Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Ina neman burge mutum guda, na hana mata huɗu iri, su ne waɗanda na sani.

Tun daga nan nake tambayar kaina: wa ya ce Hausar wani gari ita ce daidai, ta wani kuma kuskure? Daga ina wannan hukunci ya fito? Amsar da na fi gamsuwa da ita, abin mamaki, a tarihin Turancin Ingila na fara ganin ta. Ku ba ni aron hankalinku mu ɗan leƙa can, sannan mu dawo gida.

YADDA BAKIN TURAWA YA RARRABU

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san abin da zan faɗa. In an tashi wasa aka kama ɗan wasa haifaffen Liverpool ana hira da shi, har waɗanda suka ci Turanci a jarrabawar lise sai ka ga sun yi zuru. Tsakanin Liverpool da Manchester kusan kilomita 50 ne kawai, bai kai daga Magarya zuwa Damagaram ba. Amma da mutum ya buɗe baki, ɗan Ingila zai gaya maka daga wanne cikin biyun ya fito.

Dalili na farko shi ne, tun asali Turanci bai shiga Ingila da baki guda ba. A ƙarni na 5 ne wasu ƙabilu, Angil da Sakson da Jut, suka ƙetaro teku daga yankunan da a yau suke arewacin Jamus da Danmak. Kowace ƙabila da irin lafazinta, kowace kuma ta kama nata ɓangare ta zauna. Daga sunan Angil ɗin nan ma aka samo sunan Ingila. Ke nan bambanci ya girmi ƙasar kanta.

Na biyu, baƙi. A ƙarni na 9 mayaƙan ruwa da ake kira Baikin, daga Danmak da Norwe, suka mamaye arewa da gabashin ƙasar, suka zauna, suka yi aure, suka haifu. Har yau akwai sawun harshensu a bakin mutanen arewacin Ingila da sunayen garuruwansu. A 1066 kuma Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a wajen shekara 300. Shi ya sa mu da muka yi lakwal da Faransanci muke tsintar kalmomin da muka sani birjik cikin Turanci. Ita Liverpool ɗin da na ambata, tashar jiragen ruwa ce. Lokacin da yunwa ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, dubban mutane suka kwararo cikinta, bakinsu ya gauraya da na ƴan gari, aka sami wannan lafazi da ke ba mu wuya a gidan kallo.

Na uku, nisa. Turawan Ingila da suka kafa gari a Amurka a 1607 sun tafi da Turancin zamaninsu. A lokacin ana furta harafin "r" a ƙarshen kalma. Daga baya, musamman a ƙarni na 18, mutanen Landan suka riƙa haɗiye shi. Kalmar mota, ɗan Landan "kaa" yake cewa, yawancin Amurkawa kuwa "kar". Haka babbar motar haya: ɗan Landan ya ce "bas", ɗan arewacin Ingila ya ce "bus". A duka biyun, wanda ake gani kamar shi ya karkace, shi ne ya riƙe tsohon furuci. Babban birni ne ya canza. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Na huɗu, kuma shi ne uwa uba, iko. A Landan sarki yake, a nan kotu take, a nan kuɗi suke. A 1476 Wiliyam Kakston ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar, a Westminsta, Turancin yankin Landan ya shiga takarda ya bazu. A ƙarni na 19 makarantun kwana na ƴaƴan masu hali suka goge wani lafazi da ya zama alamar ɗan babban gida. Da aka kafa BBC a 1922, shi aka ɗauka a matsayin muryar rediyo, har aka naɗa kwamiti a 1926 don ya tsara yadda masu gabatarwa za su riƙa furta kalmomi.

Ga wadda ta fi taɓa ni, ni mai aikin makirfo. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, BBC ta sa wani mutumin Yokshaya da ke arewacin Ingila, Wilfred Pickles, ya karanta labarai da bakin garinsu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne zai yi wa Jamusawa wuya su kwaikwayi irin wannan lafazi su yaɗa labarin ƙarya. Sai ga wasiƙun ƙorafi, wasu har suna cewa ba su iya yarda da labari in da wannan baki aka karanta shi. Labari ɗaya ne, gaskiya ɗaya ce, bakin mai faɗa kawai suka raina. Yau kuwa in ka buɗe BBC ta Turanci za ka ji ɗan Sikotilan, ka ji ɗan Wels, ka ji ɗan arewa, sama ba ta faɗo ba.

MU DAWO GIDA

Duk abubuwa huɗun nan, babu wanda bai faru da Hausa ba.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama gari guda mai baki guda ba. Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Kabi, Adar, Arewa, Damagaram, kowa da fadarsa da kasuwarsa da maƙwabtansa. Masana suna kasa karin harshen Hausa gida biyu manya: na yamma, irin Sakkwato, Gobir, Tawa da Dogon Dutsi, da na gabas, irin Kano, Daura, Zazzau, Bauci da Damagaram. Katsina da Maraɗi kuma suna tsakiya, sun ɗebo nan sun ɗebo can. Basakkwace ya ce "shina zuwa", Bakano ya ce "yana zuwa". Mutumin yamma ya ce "hwari", na gabas ya ce "fari". A bakin Zazzagawa da yawa za ka ji "motan Musa" inda wasu ke cewa "motar Musa".

Hijira ma ta yi nata aiki. Bayan jihadin da ya fara a 1804, gidan sarautar Katsina ya koma Maraɗi, na Gobir ya kafu a Tsibiri. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa na Maraɗi, Sarkin Gobir ake ce wa na Tsibiri, kuma kunne yana jin wannan tarihi a bakin mutanensu. Mu ma nan haka ne. Da aka ci Daura, tsohon gidan sarautarta ya rabu, wani reshe ya zauna Zango, wani Baure, wani Magarya. Daga baya yankin ya shiga ƙarƙashin Damagaram, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu. To wanda ya ji bakinmu ya ɗauko Daura ya kuma ɗauko Damagaram, ai tarihin kakanninmu ne yake ji.

Maƙwabta fa? Damagaram ta daɗe tana cuɗanya da Barno. Sarautu irin su Galadima, Ciroma da Yarima daga can Hausa ta aro su, kuma ba wanda ke cewa ba Hausa ba ne. Mutanen Adar da Agadas sun zauna da Buzaye, na Dogon Dutsi da Filinge sun zauna da Zabarmawa, kowa ka ji ɗanɗanon maƙwabcinsa a bakinsa. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka zauna zango-zango a Kumasi da Akara, jikokinsu suna da tasu Hausa. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a Sudan, su ma da tasu. Abin da teku ya yi wa Turancin Amurka, shi doguwar hanya ta yi wa Hausar zango.

Sai kuma iyaka. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano da Sakkwato a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, aka ratsa gonaki da dangi. Daga nan kowane ɓangare ya riƙa aron kalmomin sabon zamani daga bakin Baturen da ya same shi. Mu muka ce kuran, su suka ce lantarki. Mu gudro, su kwalta. Mu isansi, su fetur. Mu duwan, su kwastan. In ɗan Babura ya ce ka ba shi biro, abin rubutu yake so, wanda mu muke kira bik. In ɗan Magarya ya ce ya tafi biro, wurin aiki ya nufa. Ƙanena mai saƙo, asibitin da kake so in ce, daga Turanci aka aro ta. Likitar ma daga Turanci take. Duka baƙi ne da suka zama ƴan gida, kowanne da gidan da ya sauka.

Yanzu ku tuna maganar "kaa" da "kar". Mutanen Sakkwato da Gobir da sassan Katsina da Maraɗi, har da wasu tsofaffinmu, suna cewa zamna, amre ko arme, sabka. Yaro ya ji ya yi dariya, ya ce ƙauyanci, wai zauna, aure, sauka ne daidai. Alhali masu nazarin harshe, tun daga wani Bajamushe mai suna Klingenheben da ya yi bayanin abin wajen shekara 100 da suka wuce, sun nuna cewa irin su zamna da amre su ne tsofaffin siffofi. Bakin Kano ne ya tausasa su suka koma zauna da aure, kamar dai yadda Landan ta haɗiye "r". Wanda kake wa dariya, shi ya riƙe kayan kaka. Maganar "f" da "h" kuwa, ita kanta daidaitacciyar Hausa ba ta tsaya wuri guda ba: tana rubuta huɗu da "h", ta rubuta fushi da "f", alhali akwai masu cewa fuɗu, akwai masu cewa hushi. Lahiya da tahiya ba ciwon baki ba ne.

To yaya aka yi ta Kano ta zama ma'auni? Kamar Landan: yawan jama'a, kasuwa, da injin buga takarda. Turawan mulkin Najeriya suka zaɓi rubutun boko, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Aka kafa ofishin fassara da talifi a Zariya, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a 1939 da Abubakar Imam, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus da na Amurka suka biyo baya, na Faransa ya zo a 2007. Ga Rediyon Kaduna da iyayenmu suka tashi da shi. Ga finafinan Kano da suka shiga kowane ɗaki tun shekarun 1990, yanzu kuma ga waya a hannun kowane yaro. A duk tsawon lokacin da ake wancan aiki a Zariya, mu nan Faransanci kaɗai ake bugawa cikin kanmu. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, a Damagaram. Ba fin daɗi ko fin tsarki ya ɗaga Hausar Kano ba. Ita ta samu injin buga littafi da makirfo kafin saura.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA TA YANZU

A watan Maris na 2025, kundin da aka kafa na sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Duk ra'ayin da mutum yake da shi a kan wannan mataki, tambaya guda tana nan tafe: wace Hausa? Wadda za a rubuta littafin lakwal da ita, a fassara doka da ita, a yi wa yaro jarrabawa da ita. In ba mu yi hankali ba, yaron Sassumbrum zai zauna aji a ce masa bakin uwarsa kuskure ne, wannan karon kuma da Hausa za a gaya masa.

Na san zafin wannan. Muna ƙaramar lakwal akwai abin da ake kira sambol, wani ƙashi da aka ɗaura wa igiya. Wanda aka kama yana Hausa a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya sauke masa. Wanda ya kwana da shi, gobe ya sha bulala. Mun koyi Faransanci, ban musa ba, da shi nake cin abinci yau. Amma mun koyi wani abu tare da shi: jin kunyar bakinmu, da farautar kuskure a bakin ɗan uwa. Ba na so mu sauke sambol na Faransanci mu rataya wa ƴaƴanmu na Hausa.

Wani zai ce: to Malam, kowa ya yi yadda ya ga dama ke nan? Harshe ba ƙa'ida? A'a. Ina cikin masu goyon bayan daidaitaccen rubutu ɗari bisa ɗari. Takardar magani, dokar ƙasa, littafin lissafi, dole wanda ke Tawa da wanda ke Dungas su karanta abu guda su fahimci abu guda. An yi zama a kan wannan a Bamako a 1966, an sake yi a Yamai a 1980 don a kusanto da rubutun Nijar da na Najeriya, kuma aikin ya yi amfani. Bambancin da ya rage kaɗan ne, irin su ƴa da muke rubutawa da harafi mai lanƙwasa, su kuma su sa ɗigon waƙafi a gaba. Ku duba ma wannan rubutu nawa, yawancinsa da daidaitacciya na yi shi, don ina so na Agadas da na Kumasi su karanta. Amma alƙalami daban, baki daban. Ɗan Liverpool da ɗan Landan rubutunsu guda ne, jarrabawarsu guda ce, kowa kuma in ya tashi magana da bakin garinsu yake yi. Abin da nake nema mana ke nan.

LAIFI TUDU NE

Kada mu tsaya kan ƙanena mai saƙo, mu ma mu duba namu. Mu ƴan lakwal da ke riƙe da makirfo, sau nawa muke cika shiri da "donk" da "parsike" da "normalman", har jimla guda ta ƙare ba Hausa a ciki sai "ne" da "ke nan"? Kalmar aro da ta zauna, irin lakwal da jandarma da kuran, Inna ta san ta, tata ce. Wadda muka ɗauko jiya daga takardar biro don a san mun yi karatu, wannan ba karin harshe ba ne, lalaci ne da nuna isa. Mai aron bakin Kano da mai aron bakin Paris, duka Inna suka bari a baya.

Sannan mu da muke kukan an raina bakinmu, wa muke rainawa? Ɗan cikin gari yana yi wa na ƙauye dariya. Mu na gabas muna kwaikwayon Ba'adare da Bagobiri mu yi ta ƙyaƙyatawa. In Bafulatani ko Buzu ko Babarbare ya kira waya cikin shiri ya sa "ta" inda ake sa "ya", sai ka ji ana murmushi a ɗakin watsa shiri. Mutumin nan da harshensa na biyu ko na uku yake magana, mu kuwa ko gaisuwa ba mu iya da nasa ba. In Hausa za ta zama ta ƙasa, to ta zama tasu ke nan su ma, da bakin da Allah ya ba su. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, akwai tsakanin Kanawa da Zazzagawa, kuma wasan nan na taubasai abin alfaharinmu ne, har UNESCO ta sa na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasa yana da alama: duka biyu suna dariya, kuma kowa yana da damar ramawa. In ɗaya ya yi shiru ya daina kiran waya, wannan ya tashi daga wasa.

SHAWARATA

Ga abokan aikina na gidajen rediyon karkara: mu yi magana da bakin mutanen da ke saurarenmu. Wanda ke son labarin duniya da Hausar manyan tashoshi ya san inda zai murɗa. Abin da ya sa Inna ta bar rediyonta a kanmu shi ne tana jin muryar gida.

In sanarwa ta shafi kuɗi, awo, magani ko rana, a faɗe ta yadda ake faɗa a kasuwa, a kuma maimaita. A ce sefa ce ko naira. A ce dala ɗari, wato sefa 500. A ce tiya ko buhu. Minti guda da za a ƙara bai kai asarar damina guda ba.

Ga masu tsara littattafai da ƙamus a Yamai: a zauna da mutanen kowace jiha. In kalma tana da siffa biyu ko uku, a rubuta su duka, a ce wannan ta wuri kaza ce. A zaɓi guda don rubutun hukuma, ba laifi, amma kada a sa wa sauran jan alƙalami.

Ga malaman lakwal da iyaye: a koya wa yaro cewa ga yadda ake rubutawa, ga kuma yadda muke faɗa a gida, duka nasa ne. Yaron da ya iya biyun ya fi wanda ya iya guda.

Ga matasa masu manyan wayoyi: kafin ku ɗauki bidiyon rawa, ku ɗauki muryar kakanninku. Sunayen ciyayi, sassan rijiya, kalmomin saƙa da ƙira da noman rani, irin gaisuwar da ake yi wa mai jego da wanda ya dawo daga ci-rani. Duk tsohon da aka rufe, an rufe shi da kalmomin da ba su cikin kowane ƙamus. Ni dai na yi niyya, in Allah ya yarda, zan ware wani ɓangare na shirina don wannan. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa mai daɗin baki, ya sanar da ni, zan zo har gida.

Ƙanena mai saƙo, na gode, don ba domin kai ba da ban yi wannan dogon tunani ba. Hausar da ka koyo a can mai kyau ce, ka riƙe ta, za ta yi maka rana. Amma in ka zo gida ka durƙusa gaban tsohuwarka ta ce "ka zo lahiya?", na san ba za ka ce ta gyara ba. To ita nake yi wa magana in na buɗe makirfo.

Ita kuwa Inna mai wake, na sake gamuwa da ita bayan mako biyu. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma in riƙa magana kamar ɗan gida. Na ce to, Inna, na ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lahiya, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Sai mun haɗu a cikin shiri.